Sunan Mai Gajerar Dawa

Yaran da ke zuwa gidana yanzu da wayoyi a hannu dariya suke ba ni. Sai yarinya ta zauna, ta gaishe ni da ladabinta, ta ce, "Mama, ni ma irin aikinki nake so in yi, binciken yadda mutane ke yarda da na'ura da yadda na'ura ke riƙe sirrinsu." In ce to madalla, ta yaya za ki ɓullo masa? Ta ce ai da sauƙi, za ta tura tambayoyi ta waya, mutane su latsa amsa, kwamfuta ta haɗa mata kafin shayinta ya huce. In ce, su waɗannan mutanen, kin taɓa cin tuwon gidan ko mutum ɗaya a cikinsu? Sai ta yi mini wani kallo, irin wanda ake yi wa wadda tsufa ya fara taɓawa. Ba na jin haushi, don ni ma da irin wannan rawar kan na fara. Ku dai gyara zama in gaya muku yadda aikin yake.

Sunana Saratu. A wani ƙauye kusa da Malumfashi aka haife ni, gidanmu Kiristoci ne tun daga kan kakana, babana kuma malamin firamare. Shi ya nace sai na yi boko har inda ƙarfina ya ƙare. Da na gama digiri a tsakiyar shekarun saba'in, jami'a ta riƙe ni, ta haɗa ni da wani babban malami, Malam Isyaku, mutumin Bakori. Dogo ne siriri, kullum da goro a kumatu, ba ya faɗa amma tsokanarsa ta fi faɗa zafi. A lokacin akwai wani shirin bunƙasa noma da ke aiki a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, suna raba sabon iri da takin zamani, suna kuma tara bayanan manoma a zuba a kwamfuta. Mu aikinmu biyu ne. Muna tattara musu bayanan, sannan muna namu binciken a gefe: yaushe manomi ke yarda ya ba na'ura maganarsa, yaushe kuma yake yarda da abin da na'ura ta ce masa.

Fitata ta farko, wani ƙauye aka tura ni a bayan Ƙarfi. Na isa da sabuwar rakoda mai kaset, baƙa, mai nauyin jariri. Na zauna a tabarmar mai unguwa, ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba, na ajiye rakoda a tsakiya na danna. Na jero tambayoyina. Dattawa suka yi ta ce mini "Haka ne" da "Allah ya kyauta" har kaset ya ƙare. Na koma na kunna wa Malam Isyaku, ya saurara da idonsa a rufe, ya ce, "Saratu, kin kyauta. Kin ɗauko mana kukan zakaran garin, da alama ƙosasshe ne." Daga nan ya koya mini abin da ba ya cikin littafi. Zuwan farko rakoda ba ta fita daga jaka. Ki sha ruwansu, ki tambayi lafiyar jaki. In kin fito da ita, ki fara ɗaukar muryarki ke kanki, ki kunna su yi miki dariya. In mutum ya ce tsaya, ki tsaya, in ya ce goge, ki goge a gaban idonsa. Kuma kafin yatsanki ya taɓa madannin nan, sai kin faɗi alkawarin da bakinki: "Maganarka za ta shiga na'ura, sunanka ba zai shiga ba." Ya sa na yi ta maimaita shi har sai da na daina faɗinsa kamar karatun haddar 'yan aji ɗaya.

Rakodar nan ta sha wuya a hannuna, ni ma na sha a hannunta. Batir shi ne babban maƙiyi. In ya fara rauni sai muryar tsoho ta dinga ja kamar saniya, mu cire mu shanya su a rana kan murfin kwano ko za su ƙara ɗan numfashi. Ba ma mayar da kaset baya da rakoda, da biro muke juya shi don kada a ci batir a banza. In zaren kaset ya tsinke kuwa, da jan farce nake liƙe shi, abin da ya sa Malam Isyaku ke cewa ni kaɗai ce malamar da jami'a ya kamata ta riƙa saya wa kayan kwalliya.

Kwamfutar kuma ba irin wadda kuka sani ba ce. Ɗaki guda ta cika, ɗakin da sanyinsa ke sa mutum neman mayafi da tsakar bazara. Ba ta jin magana sai ta kati. Kowace gona katinta daban, kwali ne mai tauri, ka zauna gaban wata na'ura mai kama da tafireta ka yi ta huda shi, kowane rami da abin da yake nufi: girman gona, irin da aka shuka, takin da aka sa, damin da aka samu. Gona lamba ake ba ta, ba suna ba. In ka huda rami ɗaya ba daidai ba, kati ya tashi aiki. In ka jera katunan sai ka ja layi a karkace da jan alƙalami a bayansu, don in sun zube ka gane jerinsu. Na raina wannan dabarar sai ranar da kwalina ya ɓalle a tashar Funtuwa, katuna suka watse a ƙasa, 'yan kamasho suka taya ni tsinta suna tambayata ko tikitin caca ne. Da damina kuma katin kan sha laima ya kumbura, na'ura ta tauna shi, shi ya sa nake naɗe su a leda in sa cikin tsohon gwangwanin biskit. Ka kai su, ka miƙa ta taga, ka dawo wata rana ka karɓi amsa a doguwar takarda, in wuta ba ta ɗauke ba ke nan.

Masu hulɗa da mu iri biyu ne, kuma kowanne yana ganin na wancan muke yi wa aiki. Mutanen ofis suna ganin mun cika tausayin manoma, manoma suna zargin kunnen masu haraji ne mu. Wani tsoho a Musawa ya taɓa zagaya rakodata yana leƙen bayanta, ya ce yana neman inda maganar ke fita ta tafi wurin hukuma. Sai da na yi damina biyu ina zirga-zirga kafin aka daina sauya hira in na shigo.

A wancan ƙauyen na bayan Ƙarfi na san Gwaggo Tani. Mijinta ya rasu, tana noma gayaunarta, wato 'yar gonar da mace ke yi don kanta ban da gandun gida. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta a dishe saboda waƙar coci da faɗa da awaki. Ɗanta guda namiji, Bulus, shi ne malamin gonan shirin a yankin. An ba shi babur da kaki, kuma albashinsa ke riƙe ƙannensa mata a makaranta. Shirin yana da doka mai tsauri: gidan malamin gona shi ne abin koyi, ba a shuka tsohon iri a gonarsa ko ta iyalinsa. Wanda aka kama ya ajiye aiki. Bulus kuwa ya tabbatar wa ofis gidansu sabon iri zalla ake shukawa.

Wata kaka da ruwa ya ɗauke da wuri, na je ɗaukar bayanin gayaunarta. Na faɗi alkawarin kamar kullum. Ta ce, "Sake faɗa, 'yata." Na sake. Ta ce, "Ko ogan Bulus ya tambaye ki?" Na ce ko shi. Sai ta ja ni muka ratsa layukan sabuwar dawa da ta tsaya a bushe ba ta cika ido ba, muka ɓulla can baya kusa da wani dutse. Nan na ga wata dawa gajera, iya ƙirjina, zangarniyarta ja, ta nuna tsaf. Tsohuwar gajerar dawa ce da mutanen wurin suka daɗe da watsarwa, saboda karanta ba ya yin shinge, kuma da yake tana riga sauran nuna, tsuntsaye a kanta suke ƙarewa.

Na ce, "Gwaggo, me ya sa kike ɓoye ta kina shukawa, bayan kin san dokar?"

Ta ce, "Tuwonta nake so. Wannan sabuwar taku in an tuƙa, kafin safiya ta saki jiki kamar kunu. Ni haƙorana sun saba da tuwo mai tsayawa."

Na auna abin da ta samu, na huda mata kati da lambarta, a gurbin iri na sa tsohon iri gajere. Haka na yi ta yi kowace kaka, ban kuma ɗauki abin da wani muhimmanci ba. Abin da na fi tunawa shi ne kullum sai ta cika mini ciki kafin ta bar ni in tafi.

Sai muguwar shekarar ta zo, a farkon shekarun tamanin. Ruwa ya sauka da kyau, kowa ya shuka masara da sabuwar dawa, aka zuba taki. Shuka ta kai gwiwa sai sama ta rufe. Muka yi ta kallon gabas har wuya ya gaji. Masara ta nannaɗe ganye, ta yi fari, ta kwanta. Da ruwan ya dawo damina ta yi nisa, duk wanda ya san noma ya san abin da ya rage ba zai kai masara ko doguwar dawa ga nuna ba. Shuka ɗaya ta rage wa mutane, in ta ɓaci sai yunwa.

Manajan shirin, wani Alhaji mai ƙiba da son aikinsa, ya kira mu ya ce mu tambayi kwamfuta ko akwai abin da ya taɓa yi a shekarun da ruwa ya gaza. Na kwashi gwangwanayen katuna na shekaru na kai. Da takarda ta fito, gonaki duk sun faɗi a irin waɗannan shekarun, sai lamba ɗaya tak da ke tsaye, kowace shekara tana ba da abinta, a gurbin irinta an rubuta tsohon iri gajere. Ina ganin lambar na gane ta. Ba na bukatar duba komai, na san dutsen da ke bayan gonar.

Manaja ya dafa takardar ya ce, "Alhamdu lillahi. Malama, gonar wa ce? Yau ɗin nan zan tura mota."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya faɗa ba. Na yi wa mai ita alkawari."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malama, mutane za su mutu da yunwa, ke kina maganar alkawari? Da kuɗin wa aka huda katunan nan?"

Na ce na shirin ne, amma alkawarin da bakina na yi. Ya juya wurin Malam Isyaku yana neman ya tsawata mini. Malam ya gyara goronsa ya ce, "Alhaji, ni na koya mata, ka ga ba ni da bakin hana ta. Kuma ranar da suna ɗaya ya fita daga ɗakin nan, katunanka na baɗi duk ƙarya za a cika maka su da ita." Manaja ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi kamar kowa. Ni kuma na ga kamar na samo mafita mai kyau. Na ce a ba ni dama in je in roƙi mai irin, in ya yarda ni zan kawo da hannuna, a raba wa mutane ba tare da an san daga inda ya fito ba. A raina ina ta yaba wa kaina, ga iri zai samu, ga sirri ya tsira.

Ban shiga motar ofis ba, don direba ma yana da ido da baki. Motar kasuwa na hau zuwa Ƙarfi, na ƙarasa da ƙafa. Da na shiga ƙauyen sai da na bi gida-gida ina jajanta fari, don kada a ce ga inda Malama ta nufa. Gwaggo Tani na same ta tana ɗaure akuya. Na gaya mata abin da na'ura ta gano. Ta riƙe haɓa.

"Dawata? Ta fi ta kowa?"

Na ce a shekarun fari, ta fi ta kowa a duk gonakin da muka auna.

Ta yi dariya har da tari. "Ikon Allah. Ni ina zan sani? Gonata kaɗai nake gani. Ashe ƙarfen naku yana da amfani." Sai dariyar ta tsaya, ta ce, "Bulus fa?"

Na ce sunanta bai fita ba, ba kuma zai fita ba. Ta leƙa ɗan rumbunta, wanda shi ne abincinta har kaka, ta ce in an rage ciki za a kai. Muka shirya za ta sussuka kamar mai kaiwa kasuwa, ta ɗora wa jaki ranar kasuwar Ƙarfi, ni kuma in karɓa kamar mai saye. Haka aka yi, ba wanda ya ɗaga ido ya dube mu.

Aka tara mutanen ƙauyen su Gwaggo Tani a ƙofar gidan mai unguwa. Maza a gaba kan tabarmi da buzaye, Musulmi da Kirista a cakuɗe kamar yadda suka saba, mata a tsaye can baya jikin danga. Manaja ya zo da kansa, Bulus na tsaye a gefensa cikin kaki. Aka sauke buhunan, na kwance bakin ɗaya. Manaja ya yi bayani mai kyau, ya ɗaga doguwar takardar ya ce na'ura ta bincika gonaki masu yawa ta gano wannan irin shi zai kai kafin ruwa ya ɗauke, kuma kyauta ne.

Mai unguwa, wani dattijo mai sanyin magana, ya ɗebi dawar a tafinsa, ya shinshina, ya ciza ƙwaya ɗaya. Ya ce, "Gajera ce, mun san ta, iyayenmu sun shuka. Amma ta gidan wa ce?"

Manaja ya ce, "Na'ura ce ta zaɓo ta."

"Mun ji, ranka ya daɗe. Na'urar a ina gonarta take?"

Aka ɗan yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce, "Ba raini ba ne. Mu nan ba ma karɓar iri sai daga hannu. In zan shuka irin mutum, sai na san ƙasar gonarsa, jigawa ce ko laka. Sai na san ko na bara ne ko ya shekara uku a rumbu ya mutu. Sai na san ko mai shi mai tsabtar iri ne ko mai garwaye. In ya ƙi fitowa, in san ƙofar da zan je in tsaya. Wanda muka shuka da farko a buhu ya zo, ga shi can a kwance, ba mu da wanda za mu tambaya. Yanzu shuka ɗaya ta rage mana. Gara mu sa ɗan geron da muka sani, ko kaɗan ne, da mu zuba ƙarfinmu a kan abin da ba shi da uba."

Nan na gane dabarata ba ta da ƙafa. Na yi shekara da shekaru ina cire sunaye don in kare mutane, ban taɓa tunanin cewa a wurinsu abin da ba shi da suna ba shi da mai tsaya masa ba. Geron da yake magana kuwa, na san daga katuna ba zai kai su ko tsakiyar rani ba.

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Malama Saratu, ke tamu ce, mun san ki. Kin san mai irin nan?"

Na ce, "Na sani, Baba."

"To faɗa mana, mu shuka gobe."

Na san Gwaggo Tani na cikin matan da ke jikin danga, na kafe idona a kan buhu don kada ya kuskura ya je wajen. Kalma biyu ce za ta cika rumbunan garin, ita ce kuma za ta tuɓe wa Bulus kakinsa. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Alkawarin da na yi maka ranar da ka ba ni labarin gonarka, shi na yi wa mai irin nan. Ba zan faɗa ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kin yi daidai." Sannan ya mayar da dawar da ke tafinsa cikin buhu, ya kakkaɓe hannu. Mutane suka fara laluben takalmansu. Manaja ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba. Ni kuwa ji nake kamar in nutse a wurin.

Sai muka ji disasshiyar murya daga baya. "Ku dakata. Ku bar yarinyar mutane ta huta."

Gwaggo Tani ta ratso maza tana gyara ɗaurin zane, ta tsaya a kan buhun. "Tawa ce. Ta bara ce, ni na zaɓi zangarniyar da hannuna. Gonar tana bayan dutse, wanda bai yarda ba ya zo in nuna masa kututturen. In ta ƙi fitowa, kun san ƙofata, ba ta da ƙyaure ma."

Wani tsoho ya ce, "Af, Tani ce? Ai da an faɗa tun ɗazu." Mai unguwa ya sake ɗibar dawar, ya ce a kawo kwano.

Manaja ya juya a hankali wurin Bulus. "Malam Bulus, wannan ba mahaifiyarka ba ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Ka san da wannan dawar a gonarku?"

Bulus yana iya cewa bai sani ba, uwar ma ta buɗe baki za ta rufa masa. Ya riga ta. "Na sani, ranka ya daɗe. Da tuwonta na girma." Ya naɗe hannun rigarsa, ya karɓi kwanon daga hannun mai unguwa, ya durƙusa gaban buhu ya fara auna wa mutane. Kowa ya karɓa sai ya juya ya ce, "Mun gode, Tani," ba wanda ya kalli takardar na'ura.

Ku yaran yanzu kuna son labari ya ƙare da an yafe wa kowa. Ba a yafe ba. Manaja ya rubuta wa na sama da shi yana roƙo, Malam Isyaku ya bi sawu har ofishinsu, aka ce doka doka ce, in an ɗaga wa ɗaya sauran malaman gona za su yi yadda suka ga dama. Kafin dawar ta fitar da kai an karɓe babur da kakin. Ƙanwarsa ɗaya ta bar makaranta a shekarar. Gajerar dawa kuwa ta nuna ana gab da ɗaukewar ruwa. Ba a yi arziki ba, yara sun sha korar tsuntsaye har muryarsu ta dishe, amma ba gidan da ya tashi daga ƙauyen don yunwa.

Na daɗe ban iya komawa ba, kunya ta hana ni. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ni na je na tayar da maganar tana zaman zamanta. Sai bayan an gama girbi na daure na je. Na tarar da Bulus a bakin rumbu yana miƙa dami, ya rame, ya gaishe ni da fara'a yana tsokanata wai ina rakodar. Gwaggo ta shimfiɗa mini tabarma. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri.

Ta katse ni. "Kin faɗa wa wani sunana ne?"

Na ce a'a.

"To haƙurin me kike ba ni? Ke kin riƙe naki. Da kin faɗa, da har in mutu ba za ki sake shan ruwan gidan nan ba. Ni na ga kin tsaya gaban manya kina rawar jiki ba ki saki ba, na ce to sauran nawa ne. Tashi ki zauna sosai, kina ɓata mini tabarma da gwiwa."

Da na ci na ƙoshi, na gaya mata zan rubuta abin da ya faru a takardar bincike, malamai a wasu ƙasashe za su karanta. Na ce a ƙa'idar aikinmu lamba zan sa mata, sai in ita ta ce in sa suna.

Ta dubi rumbun. Can ta ce, "Lamba kuma? Bayan abin da ta jawo mana?" Ta matso kusa. "Sa suna. Amma ba nawa ba, ni ajiya aka ba ni. Ranar da za a kawo ni gidan nan uwata ta ƙulle mini dawar nan a bakin zane, ta ce kada in bari ta mutu a hannuna. Kande sunanta. Ba ta taɓa shiga mota ba, ko Funtuwa ba ta sani ba."

Na ciro biro na rubuta a tafin hannuna. Ta kama hannun ta juya shi, tana duban haruffan da ba ta iya karantawa ba.

Ta ce, "Wannan ne Kande?"

Na ce shi ne, Gwaggo.

Ta ce, "To kai ta ta ga duniya."